Kwana Goma Sha Tara Ina Ce wa Surukina Na Ƙoshi

Da sunan Allah da ya halicci ciki, ya halicci kunya, ya zuba su a jikin mutum ɗaya ya bar su suna kokawa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku masu saurare, ni ne Barmo ɗan Jatau, majemi, mutumin Tsamiyar Dogo da ke bayan Tudun Gishiri. Na keta daji, na haye kogin da ke gudu zuwa saman dutse, na ga garuruwan da ko a mafarki ba ku taɓa gani ba. Amma duk abin mamakin da na gani bai kai yunwar da na sha ba, alhali abinci na gabana yana tururi.

Surukina Baba Mantau, mahaifin mai ɗakina Delu, tsoho ne da a da in ya zauna gaban akushi sai ka ji tausayin akushin. Kwatsam, da kaka, sai ya daina ci. A kai masa tuwo zaure, tuwon ya dawo da shatin yatsa biyu kawai. A yi masa farfesu, ya sansana ya ture. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. An yi rubutu ya sha, an jiƙa saiwoyi har randa ta yi ɗaci, a banza. Cikin wata uku mutum ya koma kamar sillen kara. Ana haka wani falke ya ce mana can gabas akwai wani gari, Haɗaka, inda wata mai abinci, Gwaggo Ladingo, take da tukunyar da babu marar lafiyar da ya taɓa juya mata baya.

Baba ba shi da ɗa namiji. Delu ta same ni a majema idonta ya yi ja, ta ce, "Malam, ka kai shi. In Baba ya mutu da yunwa a gidan da kullum ake ɗora tukunya, ban san inda zan sa kaina ba."

Na ce to, domin kukan Delu ba abin da nake iya jurewa ba ne. Sai da na ɗaura wa jaki akumari sannan na tuna da abin da ke gabana. A garinmu, da mutum ya ci abinci gaban surukinsa gara ya shiga kasuwa ba wando. Shekara goma sha ɗaya da aurena, ko ruwa ban taɓa kurɓa a gaban Baba ba. Ga shi yanzu daga ni sai shi sai jaki.

Muka kama hanya, yana bisa ina ja. Duk inda muka ya da zango sai in buɗe masa guzuri, ya dube ni ya ce, "Bismillah, Barmo." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Alhamdulillahi Baba, na ƙoshi." Sai ya gutsiri ɗan kaɗan ya mayar da murfi. Na yi dabarar cin ƙuli-ƙuli a ɓoye ina tafe, to idon Baba ne ya yi rauni, kunnensa kuwa garau. Na gartsa sau ɗaya ya ce, "Me ke ƙara?" Na ce, "Tsakuwa na taka, Baba." Ya ce, "Hanyar nan dai yashi ce." Daga ranar na koma tsotso. Kada kuma ku ce me ya hana ni ci in ya kwanta. Tsoho mai yunwa barcin zomo yake yi, ko motsi na yi sai in ji ya yi gyaran murya. A kwana na huɗu ma guzurin gaba ɗaya ya bi ruwa a wancan kogi mai hawan dutse, ina kallo jakar kilishi tana haurawa sama. Na koma rayuwa da magarya da kanya, waɗanda nake tsinka in na ce zan kewaya. Na yawaita kewayawa har Baba ya tambaye ni ko gudawa nake yi.

Kwana bakwai muka isa Kandamu, birni mai ganuwar jan dutse, inda mutane ke da ƙiba har ƙofofin gidajensu faɗinsu ya fi tsawonsu. Ƙamshi ya ja mu zuwa wani gidan abinci mai rumfuna goma sha biyu. A bakin ƙofa akwai wani ƙaton sikeli rataye da sarƙa, da wani mutum mai wuya kamar turmi yana tsaye. Ya ce mu hau ɗaya bayan ɗaya. Muka hau, ya yi alama da alli a bango.

Na ce, "Malam, wannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Baƙi ne ku ke nan. A Kandamu ana auna mai ci in zai shiga, a sake auna shi in zai fita. Wanda bai ƙara nauyi ba ya zagi mai girki. Hukuncinsa shekara guda yana dakan barkono a bayan gida."

Daga bayan gidan kuwa na jiyo lugude, ana yi ana atishawa.

Aka shimfiɗa mana tabarma, aka dire malmalar tuwon shinkafa shida da miyar taushe, man shanu na yawo a kai. Cikina ya yi wani kuka da har na kusa da mu suka waiwayo. Baba ya ce, "Bismillah, Barmo." Allah ya sani, hannuna ya riga ya tashi da kansa, na mayar da shi da ɗaya hannun. Na ce, "Alhamdulillahi Baba, na ƙoshi." Ya yi loma biyu ya janye.

To ga tuwo, ga sikeli, ga barkono na jira. Na faki ido na cusa malmala biyu a hula na kifa a kai, biyu a aljihun riga, biyu na ɗaure a mazagin wando. Ni na fita. Saura Baba. Na hango ɗan dutsen niƙa jingine da bango, na lallaɓa na zura shi cikin burgamin da ke rataye a kafaɗarsa, na ce masa layar tsari ce mai gidan ya bayar.

Na hau sikeli, ya rinjaya, aka sa mini albarka. Baba ya hau, sarƙa ta yi ƙara. Mai wuyan turmi ya duba allinsa, ya sake dubawa, ya ƙwala wa mai gidan kira. Wai tun da aka kafa Kandamu ba a taɓa samun wanda ya ƙara nauyi haka a zama ɗaya ba. Nan da nan aka fara neman makaɗa, za a kai Baba fada a naɗa shi Sarkin Ci, a riƙe shi ya riƙa kare sunan gari a gasar shekara. Baba yana ta raba ido. Ni kuwa tuwon hula ya fara narkewa, miya na gangarowa ta bayan kunnena.

Na durƙusa na ce, "Ranku ya daɗe, a ƙasarmu ba a naɗa mutum sai ya yi zagayen ganuwa a kan jakinsa, shi da mai ja masa kawai." Suka ce al'ada ce mai kyau. Muka fita ta ƙofar gabas, ban tsaya ba sai da ganuwa ta ɓace. Na ce yau dai na samu, bari in ce zan kewaya. Kafin in buɗe baki shirwa ta sauko ta sure hular da abin da ke cikinta. Na aljihu da na wando kuwa, gudun da na yi ya dama su da gumi sun zama abin da ko jakin ya sansana ya kau da kai.

Baba ya dubi kaina ya ce, "Barmo, man shanu kake shafawa a ka?"

Na ce, "Saboda amosani ne, Baba."

Kwana shida bayan nan muka shiga Gangaran. A wannan birni gidajen abinci a saman itatuwan kuka suke, kukoki masu girman da mutum ɗari ba za su zagaye gindin ɗaya ba. Ana shiga kwando, raƙumi ya ja igiya, kwando ya hau da kai kamar guga. Muka sauka a wani masauki. Na sayo wa Baba fura, ya ce bismillah, na ce na ƙoshi, ya kurɓa sau uku ya ajiye. Bayan azahar, a karo na farko tun fitowarmu, barci ya ɗauke shi sosai har da minshari. Na riƙe takalmina a hannu na sulale.

Na shiga kwandon kuka mafi nisa da masaukin. A sama wani dattijo mai fara'a ya tarbe ni, ya tambayi sunana, da garinmu, da wanda muka zo tare. Ni kuwa da na ga ana girmama ni sai na saki baki, har sana'ata na faɗa masa. Aka kawo dambun zogale da soyayyar zabuwa. Ban lura da wani siririn mutum da ya zo ya tsaya a kaina ba, riƙe da bakin wani dogon bututu na tagulla. Ban kuma san cewa bututun ya ratsa kowace unguwa ta garin ba. Ashe a Gangaran cin abincin baƙo abin alfahari ne, kowane baƙo da maroƙinsa.

Na cika hannu na kai baki. Sai na ji murya ta tashi, garin gaba ɗaya ya amsa:

"Jama'ar Gangaran, ku saurara! Barmo na Tsamiyar Dogo, sarkin majema, surukin Baba Mantau, ya kai loma ta farko! Loma ce ta maza, har wuyan hannu!"

Daga ƙasa na ji mata sun rangaɗa guɗa. Na ɗaga hannu ina roƙonsa ya yi shiru, shi kuwa ya ce, "Ya ɗaga hannu, yana neman ƙari!" Na miƙe, ya ce na miƙe don in gyara wa ciki wuri. Na ruga kwando, mai raƙumi ya tafi salla. Haka na kama igiya na zamo har ƙasa, tafin hannuna na ɗayewa, muryar nan na bina layi layi tana shaida wa jama'a cewa surukin Baba Mantau ya bar cinyar zabuwa ko taɓawa bai yi ba.

Na tarar da Baba zaune, bututun unguwar kuwa daidai tagar ɗakinmu yake. Na zauna nesa na sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Ashe garin nan akwai mai sunanka."

Na ce, "Haka na ji, Baba."

"Har surukinsa mai sunana."

"Duniya da faɗi, Baba."

Sai ya ce a hankali, "An ce dambu ne. Da zogale?"

Na ce, "An ce da zogale."

Ya haɗiyi yawu, ya juya ya fuskanci bango. A lokacin kunya ta cika ni har ban tsaya na yi tunanin komai ba. Wauta dai ina da ita, ba na musu.

Daga Gangaran zuwa Haɗaka kwana shida ne, kuma a nan wasa ya ƙare. Baba ya daina iya zama a kan jaki sai na ɗaure shi da rawani. Ni kaina ina tafe ƙasa na juya mini. Tsoro ya kama ni sosai, domin na fara tunanin yadda zan shiga gida da jaki ba kowa a kai, in dubi Delu.

Muka isa ranar kwana na goma sha tara, da hantsi. Haɗaka ba ta da ganuwa, ba ta da wani kyan gini. Abin da na lura da shi kawai, ko'ina mutane na cin abinci bibbiyu ko fiye, babu mai ci shi kaɗai. A ƙofar gari aka ɗaura mana zare iri ɗaya a wuyan hannu, aka nuna mana rumfar Gwaggo Ladingo. Gajeruwar tsohuwa ce mai ludayi da ya fi ta tsawo. Na kwantar da Baba a tabarma na zayyana mata komai, na roƙe ta maganin da ke cikin tukunyarta.

Ta ce, "Wane magani? Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa, ɗana."

Ta dire wani baƙin akushi a tsakaninmu, da murfinsa. Na kama murfin in buɗe wa Baba, ko motsi. Na sa hannu biyu, na sa ƙafa na danne, kamar an haɗa shi da ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Kada ka karya mini kaya. Tun wata yunwa da aka yi a zamanin kakanninmu, lokacin da mutane suka riƙa ɓuya suna ci 'yan'uwansu na mutuwa, aka sassaƙa akussan garin nan haka. Ba ya buɗuwa sai waɗanda suka shigo gari tare sun sa hannu tare. Kuma a tare za su ci."

Na matsa kusa da ita na rage murya. "Gwaggo, surukina ne."

Ta ce, "Akushin bai san wannan ba."

Na ce a samo wani ya ci da shi. Ta nuna zaren hannuna. Na ce to, na ji. Na ɗora hannu, Baba ya ɗora nasa, murfi ya tashi da kansa, tururi ya bugi fuskata har na ji hawaye. Sai na juya baya, na bar hannuna a gefen akushi ina motsa baki kamar mai tauna. Kafin Baba ya gutsira, murfin ya faɗo ya datse mini yatsu uku. Na sake gwadawa, wannan karon na ɗebi loma na zura a hannun riga. Ya sake datse ni a daidai wurin ɗazu. Masu ci a rumfar suka bar abincinsu suna kallona.

Gwaggo ba ta ko dube ni ba. Ta tsuguna gaban Baba ta ce, "Malam, a gida da wa kake ci?"

Baba ya ce, "Mu shida ne. Shekara arba'in da biyar muna ciyayya a ƙofar gidana, kowa ya fito da akushinsa mu haɗa. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi. Makau ne na ƙarshe, shi ya tafi da kaka. Washegari yarinyar nan, matar Barmo, ta aiko mini da tuwo, na buɗe na ce bismillah, ba wanda ya amsa. Na kai loma, na ji kamar sata nake yi. Ta ƙi wucewa."

Ya juyo wajena, bai dai haɗa ido da ni ba. "Kullum a hanya ina ce maka bismillah. Ka ɗauka ta al'ada ce. To ni ma suruki ne, Barmo, da wane baki zan ce maka da gaske nake?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Kwana goma sha tara ina jan tsoho a daji ina nemar masa magani, ashe kullum sau uku yana roƙona, ni kuma ina ce masa na ƙoshi. Na tuna mutanen Tsamiyar Dogo da abin da za su ce. Na dubi wuyan Baba, jijiyoyi duk a waje. Na ja ƙwaryar ruwa na wanke hannu.

Muka ɗora hannu, murfi ya tashi. Baba ya ce, "Bismillah, Barmo."

Na ce, "Bismillah, Baba."

Lomar farko da ido rufe na kai ta, ina jiran aradu ta faɗo. Ba abin da ya faɗo. Na buɗe ido ɗaya, na ga Baba yana tauna a hankali, ya haɗiye, ya tsaya kamar mai sauraren wani abu, sannan ya sake miƙa hannu. Loma ta biyar na manta da wanda ke gabana. Loma ta goma na ji an buge mini hannu.

"Kai, ci gabanka. Wannan ɓangarena ne."

Akushi uku muka tashi da su. A na ƙarshe tsoka ɗaya ta rage, na tura masa, ya turo mini, na sake turawa, sai ya ɗauke da sauri wai kada in canza shawara. Ya jingina da bango yana gumi, ya yi gyatsa, ya ce wa Gwaggo miyar ta yi, sai dai daddawa ta yi kaɗan. Ta ce wanda aka kawo ɗaure a kan jaki ne yau yake mata gyaran miya. Ni kuwa ina gefe ina dariya ina share ido da bayan hannu.

A hanyar komawa mun zagaye Kandamu daga nesa, amma Baba ya dage sai mun tsaya a Gangaran. Muka hau kukar nan tare, maroƙi ya shaida wa gari lomarsa da tawa, Baba har yana ce masa ya ɗaga murya.

Da muka iso gida Delu ta ga mahaifinta ya sauko daga jaki da ƙafarsa, ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Da yamma ta aiko da tuwo zaure. Na shiga na zauna gaban Baba, ƙofa a buɗe. Kafin sati ya zagayo an sa mini suna Barmo Ci-da-suruki. Mata na nuna ni da baki, abokaina na majema suka yi wata guda suna mini waƙa, kawuna ya yi tattaki daga ƙauye don ya gaya mini na zubar da mutuncin zuriya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma kullum in rana ta yi sanyi Baba zai leƙo ya ce, "Ina Barmo? Tuwo na hucewa." Shekara tara muka yi haka, har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ga ni, furfura ta cika kai, abokan jima sun ragu. Bara na aurar da 'yata ga wani yaro mai ladabi, Ɗanjuma maƙeri. Ladabinsa ya kai in ya hango ni da kwano sai ya tsallake katanga. Shekaranjiya aka kawo mini tuwo zaure, na buɗe, na ce bismillah, na zauna ina kallonsa har ya huce.

Na aika an yi wa jaki sabon akumari. Na kuma aika wa Ɗanjuma cewa ba ni da lafiya, maganin yana can gabas, ya shirya jibi zai raka ni.

Nan hikayata ta tsaya. Abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku yafe.